Kwando nawa za a loda? Littafin aikin lissafin tumatir na Mile 12

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Aikin kammala karatuna a sashen tattalin arziki shi ne in warware matsalar ciniki ta gaske da manhajar kwamfuta. Ɓangaren da nake ciki shi ne wanda ke duba shawarar mutum ɗaya ko shago ɗaya: me zai saya, nawa zai sayar, a wane farashi. Malamin da ke duba aikin ya ce in zaɓi kasuwa guda in tsaya a kanta. Na zaɓi tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, don kawuna dillali ne a can tun kafin a haife ni, kuma tambayar da ke gabansa kowane mako ita ce: kwando nawa zai ce a loda masa daga Kano.

Da yaren kwamfuta na Python zan yi aikin. Kwamfutata ta kwana biyu, saboda haka Google Colab nake buɗewa, lissafin yana gudana a injinansu, ni dai data ce tawa. SymPy zai warware lissafi mai haruffa, SciPy ya nemo amsa mafi riba, pandas ya jera alƙaluma, Matplotlib ya yi zane. Wasu a ajinmu Solver na Excel suke amfani da shi, kuma ga ƙaramin aiki ya wadatar. Mathematica ya fi su duka kyawun gani, amma sai da lasisi.

Gwajin farko na aji ne. Na ƙaddara F farashin kwando ne a dubban naira, K kuma yawan kwanduna. Masu saye: K = 1000 − 20F. Masu kawowa: K = 100 + 10F. SymPy ya haɗa su ya ce farashi 30, kwando 400. Waɗannan lambobi ni na ƙirƙire su, kuma duk wanda ya yi sakandare zai warware da hannu. Abin da ba ni da shi su ne lambobin gaskiya da za su maye gurbin 20 da 10 ɗin nan.

Asabar, 25 ga Janairu

Kawu ya ba ni littattafan cinikinsa na shekarun baya, bisa sharaɗin kada su kwana a waje. Tsofaffin da ajami ya rubuta su da hannunsa, na baya-bayan nan yaronsa ne ya rubuta da boko. Hotonsu nake ɗauka da waya in shigar da daddare idan an kawo wuta.

Kwando ba ma'auni ba ne tsayayye. Akwai babba, akwai ƙarami, akwai wanda aka yi wa tozo, ga kuma kiret na roba da ke ɗaukar wajen kilo 25. Farashin ma ba ɗaya ba ne a wuni. Na asuba daban lokacin da ake sauke kaya, na hantsi daban, na la'asar kuma sai abin da Allah ya yi. Wani cinikin bashi ne, an ɗan ɗora a kai. Na yanke cewa farashin babban kwando mai kyau da safe, kuɗi hannu, shi ne zan riƙa ɗauka, sauran in ajiye su a wani shafi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na zana farashi a gefe guda, yawan kwandunan da aka sayar a ɗaya gefen. A littafi layin masu saye gangarowa yake yi: kaya ya yi tsada, a rage saye. Abin da ya fito min ɗigo ne warwatse, babu gangara babu hawa.

Wannan tsohuwar matsala ce. Wani masani Ba'amurke, Elmer Working, ya yi bayaninta tun 1927. Kowane ɗigo da ke littafin Kawu wuri ne da masu saye da masu kawowa suka haɗu a ranar. Idan duka ɓangarorin biyu suna motsi, ɗigon ba zai nuna maka layin ko ɗaya ba. Ranar da farashi ya hau, ko dai motoci ne ba su iso ba, ko kuwa bukukuwa ne suka yi yawa a gari. Manhaja ba ta da hanyar bambancewa. Duk da haka idan ka ce ta ja layi za ta ja, har ta ba ka lamba mai ɗigo huɗu, kuma a ganina nan ne haɗarin kayan nan yake ga ɗalibi.

Mafitar da Philip Wright ya kawo a 1928 ita ce a nemo abin da ke girgiza masu kawowa kaɗai bai taɓa masu saye ba. Kathryn Graddy ta yi haka a kasuwar kifi ta Fulton a New York, inda ta yi amfani da guguwar teku. Teku ta yi fushi, masunta ba su kamo da yawa ba, amma mai gidan abinci a gari bai daina son kifi ba, sai tashin farashin ya nuna halin masu saye zalla.

Mece ce guguwarmu? Na lissafa waɗanda na sani. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. A ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da kai kaya kudu, tumatir ya yi tsada a Legas yana ruɓewa a arewa. Waɗannan biyun sun dace, don ba su canza abin da uwargida a unguwar Ketu ta Legas ke son zubawa a miya ba. Cire tallafin fetur na 29 ga Mayu 2023 kuwa bai dace ba. Tirela gas take sha, amma injin ban ruwa na manomi fetur yake sha, don haka ya taɓa masu kawowa. Sai dai ya taɓa aljihun mai saye a rana guda. Abin da ya bugi ɓangare biyu ba ya raba gardama.

Kawu ne ya ba ni hanya mafi sauƙi ba tare da ya san sunanta ba. Na tambaye shi abin da yake fara dubawa da asuba, ya ce, "Motoci nake ƙirgawa, ɗana. Idan na ga yawan motocin da suka kwana a layi, na san farashin kafin kowa ya taya." Gaskiyarsa. Tafiyar Kano zuwa Legas ta kai kimanin kilomita 1,000, kayan da ya iso yau tun shekaranjiya aka yanke shawararsa, kuma ba mai mayar da tumatir Kano. Ke nan a cikin wuni guda yawan kayan a tsaye yake, farashi ne ke sauka ko hawa har ya ƙare. Kasuwa a kai miki dole. Yawan motoci na rana shi ne lambar da ta kamata in bi, ba cinikin rumfa ɗaya ba. Yaron Kawu ya yarda zai riƙa turo min ƙirgen ta WhatsApp kowace safiya.

Lahadi, 9 ga Maris

An ɗauki azumi ranar 1 ga wata, Kiristoci kuma sun shiga nasu ranar Laraba 5 ga wata. Lokacin ciniki da yawansa sun canza, don haka na ƙara wani shafi mai sifili da ɗaya: ɗaya ga ranar azumi ko jajibirin biki, sifili ga sauran. Da ƙirgen motoci, layin ya fara gangarowa kamar yadda ake tsammani. Kwanakin ba su yi yawan da zan rubuta lamba in tsaya a kanta ba, amma alamar ita ce idan motoci suka ragu kaɗan farashi yana tsalle da yawa. Wato mutane ba sa saurin barin tumatir don ya yi tsada. Suna rage shi, su cika da na leda ko na gwangwani ko tattasai.

Ba na iya dogon zama gaban kwamfuta da rana. Sai bayan tarawi.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi. Wannan makon na shiga ainihin tambayar Kawu.

Masana suna kiranta matsalar mai sayar da jarida, don jaridar yau ba ta da daraja gobe. Asalinta ya koma ga Francis Edgeworth, wanda a 1888 ya yi lissafin tsabar kuɗin da banki zai ajiye don masu zuwa cira. Tsarin ɗaya ne: dole ka yanke yawan kaya kafin ka san yawan masu saye. Ka kawo kaɗan, riba ta wuce ka. Ka kawo da yawa, kwantai ya ci uwar kuɗi.

Na sa lambobin misali, ba na kasuwar yau ba. A ce kwando ya iso Legas a kan naira 20,000, idan an haɗa kuɗin gona da lodi da mota da harajin hanya da 'yan dako. Mai kyau ana sayar da shi 28,000. Wanda ya kwana ya fara fashewa, masu sayen fasasshe su ɗauka a 8,000. To duk kwandon da aka nema babu, an rasa 8,000. Duk wanda ya yi saura, an yi asarar 12,000. Ƙa'idar ta ce a raba asarar rashi da jimlar asarorin biyu: 8 cikin 20, wato kashi 40 cikin ɗari. Ma'anarsa a kawo adadin da a ranaku 40 cikin 100 zai wadatar, a sauran 60 kuwa kaya su ƙare kafin masu saye su ƙare. Idan abokan cinikin Kawu kan ɗauki kwando 300 a matsakaici, yana hawa yana sauka da kamar 60, layi ɗaya na SciPy ya ba da 285.

Don in tabbatar, na sa kwamfuta ta kwaikwayi ranakun kasuwa 10,000, kowace da nata yawan masu saye, ta gwada odar 200 har zuwa 400. Tudun ribar ya tsaya a wajen 285. Wani abin da zanen ya nuna wanda ƙa'idar ba ta faɗa ba: saman tudun shimfiɗaɗɗe ne. Tsakanin 270 da 300 bambancin ribar ƙanƙane ne. Sai ka yi nisa sosai kake jin zafin.

Na kai wa Kawu bayan la'asar, lokacin da rumfa ta yi sauƙi. Na ce, "Kawu, lissafi ya ce a riƙa rage oda kaɗan ƙasa da abin da aka saba sayarwa."

Ya ce, "Wato injin naka cewa ya yi in bar mutane su zo su tarar babu?"

Na ce a wasu ranakun, e.

Ya ce, "Matar da ke tasowa daga Ikorodu tun duhu, shekara da shekaru a wurina take sari. Ran da ta zo na ce babu, rumfar gaba za ta je. Wancan zai yi mata ragi don ya riƙe ta. Kai kana ganin kwando ɗaya na rasa?"

Wannan ba musu ba ne da ƙa'idar, lamba ce da babu ita a ciki. Na ce ya kimanta min, in an juya shi kuɗi, nawa ne zafin mayar da mai sari hannu wofi. Ya ƙi da farko, ya ce mutunci ba a sa masa farashi. Da na matsa ya ce in sa kusan ribar kwandon. Na sa 6,000. Asarar rashi ta koma 14,000, rabon ya zama 14 cikin 26, kusan kashi 54, amsa ta tashi daga 285 zuwa 306. Ta tsallake matsakaici. Ɗabi'ar Kawu ta yin oda da ɗan ƙari, wadda a takarda take kama da sakaci, ita ce daidai muddin abokan cinikinsa masu dawowa ne. Ga ɗan tebur mai sayar wa masu wucewa, 285 ɗin ce tasa. Manhaja ɗaya, ƙa'ida ɗaya, amsa biyu, kuma abin da ya raba su yana kan dillali, ba ya cikin littafin ciniki.

Na nuna masa a waya yadda lambar ke motsi idan an canza farashin fasasshe. Abin ya ba shi sha'awa fiye da sauran. Idan masu sayen fasasshe suka biya 14,000 maimakon 8,000, asarar saura ta ragu zuwa 6,000, rabon ya tashi zuwa kashi 70, oda ta ƙaru zuwa wajen 331. Ya ce shi ya sa ba ya wasa da matan da ke sayen fasasshe don gidajen abinci, su ne ke ba shi ƙarfin halin cika mota. Haka kuma hujjar kiret take: ba sai ya ƙara farashin mai kyau ba, ya isa ya rage abin da ke matsewa a ƙasan lodi. Matsalarsa ita ce mayar da shi arewa fanko, kuma wannan kuɗin ban sa shi ba tukuna.

Lahadi, 4 ga Mayu

Tambaya ta biyu: idan jari da gurbin mota duka suna da iyaka, yaya za a raba tsakanin tumatir da tattasai? Irin wannan lissafi Leonid Kantorovich ya fara shi a 1939 a Leningrad don wata masana'antar katako, George Dantzig kuma ya fito da hanyar warware shi a 1947. A SciPy sunan aikin linprog. Mafi ƙanƙanta yake nema, don haka sai an sa wa riba alamar ragi.

Misalin da na gina: jari naira miliyan 5, gurbi 300 a motar haɗaka. Tumatir yana cin 20,000 ya ba da ribar 8,000. Buhun tattasai yana cin 10,000 ya ba da 5,000, kuma na ɗauka gurbinsu ɗaya. Tumatir zalla, kuɗi zai ƙare a kwando 250, riba miliyan 2, gurbi 50 ya tafi fanko. Tattasai zalla, mota ta cika, riba miliyan 1.5, kuɗi na kwance. Amsar manhaja: tumatir 200, tattasai 100, riba miliyan 2.1.

Abin da ya fi amsar amfani shi ne lambobi biyu da ke biyo ta, waɗanda ke faɗin darajar sassauta kowane ƙaidi. Ƙarin gurbi ɗaya yana ƙara riba da 2,000. Ke nan idan direba ya ce akwai sauran wuri amma sai an ɗora wani abu a kan kuɗin mota, duk abin da ya haura 2,000 faɗuwa ce. Ƙarin naira ɗaya a jari kuma tana kawo kwabo 30, amma iyakarta miliyan 6, inda tumatir ya cika gurbin duka. Bayan nan ƙarin kuɗi ba ya ƙara komai.

Kawu ba ya karɓar bashi mai ruwa, kuma ban kawo masa maganar ba. Amma yana karɓar jarin 'yan'uwa a raba riba, kuma lambar ta gaya masa abu biyu: nawa ne ya kamata ya karɓa, da kuma inda karɓa ke zama ɗaukar nauyin kuɗin mutane a banza. Raunin wannan lissafi shi ne yana ɗauka duk abin da aka loda zai sayu a farashi ɗaya, alhali shafin 5 ga Afrilu ya nuna ba haka ba ne. Haɗa su biyun shi ne babin da malamina ya fi so in faɗaɗa.

Asabar, 14 ga Yuni

Jarrabawa da babbar salla sun cinye makonnin baya. Noman rani ya ƙare, ruwa ya sauka, tumatirin Kano ya ja baya kamar kowace shekara, kasuwa ta koma kan na Jos da na ƙasar Yarbawa.

Na yi amfani da lokacin na gwada abin da manoma ke kuka da shi: bana tsada, baɗi a zubar. Nicholas Kaldor ya ba wannan juyi sunan saƙar gizo-gizo a 1934, saboda siffar zanensa. Manomi yana shuka ne bisa farashin bana, kayan kuma sai baɗi za su fito. Na koma lambobin Janairu na sa masu kawowa su bi farashin shekarar baya. An fara da 40, sai 25, sai 32.5, sai 28.75, yana lafawa zuwa 30. Da na canza layin manoma zuwa K = 25F − 350, wanda shi ma a 30 yake daidaita, aka fara da 32, sai 27.5, sai 33.1, sai 26.1, kowace shekara tazarar na ƙaruwa. Sharaɗin a fili yake: idan manoma sun fi masu saye saurin amsa farashi, kasuwa ba ta zama. Abin da na gani a watan Maris, cewa masu saye ba sa saurin ja da baya, yana tura tumatir wajen wannan ɓangaren.

A zahiri juyin ba ya tafiya har abada, don akwai abin da ke tare shi daga ƙasa. Idan farashi ya faɗi warwas manomi yakan yanka ya shanya ya yi kauɗa. Masana'anta ma aikinta ke nan, ta kwashe rarar kaka. Ta Dangote da ke Kadawa an buɗe ta a 2016, amma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, don idan kasuwa ta fi tsada manomi kasuwa yake kaiwa. Na sa farashin kauɗa a matsayin ƙasan da ba a wucewa, sai juyin ya daina faɗaɗa, ya tsaya yana kai da komo tsakanin iyaka biyu. Wannan ya fi kama da abin da dillalai ke bayarwa labari.

Saura abu uku kafin in miƙa babi na huɗu. Lambobin rani ba za su yi wa damina aiki ba, tunda hanyar Jos da irin tumatirinta da saurin lalacewarsa duk daban ne, don haka yaron Kawu zai ci gaba da ƙirgen motoci har Agusta, yana raba su da garin da suka taso. Kuɗin mayar da kiret zai shiga lissafin oda. Sannan zan mayar da lissafin 5 ga Afrilu cikin shafin Google Sheets mai gurbi biyar da za a iya cikawa a waya: kuɗin isowa, farashin mai kyau, farashin fasasshe, abin da aka saba sayarwa, da zafin mayar da mai sari. Kawu ya ce gurbi na biyar ɗin kada in sa masa lamba, shi zai riƙa cikawa da kansa, don na ranar Litinin ba ɗaya yake da na jajibirin salla ba.